Katakon da Ya Ci Tara Cikin Goma

Keffi,
17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Paulina, ruwan farkon damina da ya tsallake gonata ya zuba a ta wasu. Inuwar ɗorawa da ta tashi ta bar mai gyangyaɗi a rana. Zumar Agwada, farin watan da ya gaji da samanmu ya je yana haska Kanada. Matata a gaban Allah da ikilisiya, uwar 'yata Vera, gimbiyar duwatsun ƙanƙara!

Yau shekara goma sha biyar da wata bakwai ke nan da kika ja akwatinki mai ruwan ƙasa kika fita daga gidan nan ba ko sallama, kika bar mini tukunyar miya a kan murhu. Na ce bari in tuna miki, don na san mai shawagi a sama ba ta cika duba kalanda ba. A tsawon shekarun nan ban samu wasiƙarki ko ɗaya ba, ke ma ba ki samu tawa ba, kuma ina ganin a nan kaɗai muka taɓa yin kunnen doki. To, ga tawa ta zo. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa.

Na gan ki, ya sanyin idona. Kai, wa bai gan ki ba? A watan Janairu, bayan an tashi daga sujada, Mama Anjelina shugabar zumuntar mata ta tare ni a ƙofar coci, ta cusa mini wayarta a fuska. “Malam, zo ka ga Maman Vera tana tashi sama kamar shirwa!” Ashe matan ikilisiya duk sun gani, mazajensu sun gani, mai gadin coci ma ya gani har sau biyu. Ni mijinki ni ne na ƙarshe. Madalla da wannan karamci!

Me na gani? Dutse fari fat, ba ɗigon ƙasa. Wata halitta a ƙunshe kamar ƙullin alale, da tabarau irin na mai walda, an ɗaure ƙafafunta biyu a kan katako guda. A bayan kyamara ina jin dariyar Vera, dariyar da rabona da ita tun shekarar da ta bi ki. Sai halittar nan ta gangaro, tana yankan dutsen hagu da dama, farin gari yana tashi a bayanta. Ta hau wani tudu, ta yi sama, ta juya a iska, ta sauka da baya, ta ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Ta tsaya, ta ɗage tabarau. Ke ce. Mace mai shekara hamsin da biyar, ma'aikaciyar jinya, 'yar Baba Siman, wadda sa'o'inta a nan suke shafa man zafi a gwiwa kafin su hau matakalar coci!

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma sai kika kwance katakon, kika rungume shi a ƙirji, kika ce ƙungiyarku ta mata masu sulu a ƙanƙara ta ba ki shi ki gwada, kuma za ki yi wa matan gida bayaninsa da Hausa don su ma su ji daɗi. Minti goma sha ɗaya, Paulina. Minti goma sha ɗaya kina yabon katako, sinobod ko me kuke ce masa. Na zauna da ke shekara goma sha takwas a ɗaki ɗaya, in aka tattara yabon da kika yi mini ba zai kai lokacin dafa ƙwai ba.

Na sa an tura mini hoton a wayata, na yi nazarinsa kamar yadda na saba nazarin takardun jarrabawa. Kada ki manta shekara talatin da biyar na yi ina koyar da fiziks a garin nan, kuma ni na zo na ɗaya a ajinmu a jami'a a Zariya, ko da yake yanzu ba mai tuna wannan sai ni da ƙwarin da ke cin takardar shaidar. Saboda haka bari in duba abokin takarata da idon malami.

Kin ce don mata aka ƙera shi. Ƙugunsa siriri ne daidai tafin ƙafar mace, ba sai kin yi kokawa da shi kafin ya karkata ba. Kina danna yatsun ƙafa ya juya, kina danna diddige ya komo. Ba shi da nauyi, har kin ɗaga shi da hannu ɗaya kin nuna mana. To, ni ma ba ni da nauyi yanzu, ya furen gonata; tun da ciwon suga ya kama ni, wandunana duk sai da tela ya rage su. Sai dai na yarda, ban taɓa juyawa don an danna mini yatsa ba.

Kin ce duk inda kika nufa da shi a dutsen yana zuwa. Hanyar da injin ya share ta yi sumul, yana bi. Tsakanin itatuwa, yana ratsawa kamar zomo. Inda ƙanƙara ta zubo sabuwa mai laushi kamar garin alabo, yana yawo a kanta kamar kwalekwale. Inda ta daskare ta yi tauri kamar daɓen siminti, gefensa na ƙarfe yana kama ta, ba ya sakin ki. Ba ya sakin ki! Sau uku kika faɗa, kina kallon kyamara. Na ji, Paulina. Ba kurma kika aura ba.

Kin ce gabansa da bayansa duk ɗaya ne, ko ta ina kika fuskanta tafiya yake yi, shi ya sa kike iya juyawa a sama ki sauka yadda kika ga dama. A garin nan, wanda ba a san gabansa da bayansa ba, ba ma ba shi ajiya. A can kuwa rungumar sa ake yi. Lallai ƙasa ƙasa ce.

Sannan kika taka shi ya lanƙwasa, kika sake shi ya miƙe, kika ce ba shi da taurin kai kuma ba lusari ba ne, tsaka-tsaki yake. Kika kwantar da shi a ƙasa kika nuna mana yadda tsakiyarsa ta ɗago kamar baka, kika ce shi ya sa in kin durƙusa kin danne shi, sai ya cilla ki sama. Matan zumunta suka yi ta salati irin nasu, wai abin al'ajabi. Wane al'ajabi? Darasin 'yan aji huɗu ne! Da rular katako da bakin tebur na koyar da shi shekara da shekaru, ina cilla alli har rufin aji, ba wanda ya taɓa tafa mini. Na san dalilin da ya sa yake santsi, na san dalilin da ya sa gefensa ke kamawa, zan iya zana miki lissafinsa a bayan ambulan. Abin da ya rage mini kawai shi ne ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij, ita ma in an kawo wuta.

Ai da kika zo kan aibinsa, har gyara zama na yi. Kin ce in gudu ya yi yawa a wuri mai gargada, bakinsa yana karkarwa. In kuma ƙanƙara ta kai gwiwa, sai kin jingina baya sosai kafin hancinsa ya daina nitsewa. Na ce yawwa, ashe shi ma ɗan tara ne bai cika goma ba, yanzu za ta ja akwati ta bar shi a dutse. Ina! Sai kika shafa shi kamar kan jariri, kika ce, “Ba laifinsa ba ne, kowa da inda ƙarfinsa ya tsaya.” Kika ba shi tara cikin goma. Ni da ban taɓa ba ɗalibi fiye da bakwai ba, sai da na tashi na sha ruwa. Kuma a ƙarshen hoton na gan ki da dutsen guga, kina narka masa kaki kina goge masa ciki a hankali, kina waƙa. Rigunana suna gaishe ki.

Abu ɗaya ne kika faɗa da ban sami yadda zan yi masa ba'a ba. Kin ce in kin sauka a karkace ba ya kayar da ke nan take, yana ba ki sarari ki gyara tsayuwarki. Kin ce yana haƙuri da kuskuren mai hawansa. Nan na kife wayar a kan tebur.

Kin tuna dutsen bayan gidanku a Agwada, ya kurciyar zuciyata? Shekarar da nake neman aurenki, ranar wata Lahadi bayan an ɗauke ruwa. Yara suna ta sulu a kan dutsen, wasu a kan guntun jarka, wasu da gindinsu kawai. Ke kuwa budurwa, 'yar makarantar koyon jinya, da kitso sabo da zanen coci, sai kika cire takalmanki kika miƙa mini, kika ɗauko tsohon farantin tallar mamarki, kika hau can ƙololuwa. Kika gangaro kina ihu, ɗankwalinki ya yi nasa wuri, kika faɗa cikin ciyawa kina dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Kika ce, “Malam, zo mu yi tare!” Me na yi? Na ce farin wando ne a jikina. Na tsaya a gindin dutse da takalman mace a hannu, ina yi miki bayanin dalilin da ya sa jiƙaƙƙen dutse ya fi busasshe santsi. Kika saurare ni har na gama. Kaicona! Tun ranar ya kamata in san wa na aura, ke ma ki san wa kika aura.

Yanzu bari in faɗi abin da ke da ni muka sani, don takarda ta sani ita ma. Ranar da takardar aikinki ta Kanada ta zo, Ezekiyel, abokina kuma dattijon ikilisiyarmu, yana falonmu tare da matarsa. Kika kawo mini takardar cike da murna. Na karanta ta da ƙarfi da muryar wasa, na ce Turawan nan ba su san abin da suka ɗauka ba, wata uku za su dawo da ke, ke da ko wasiƙar neman aikin sai da na bi ta da jan biro. Ba wanda ya yi dariya sai ni. Ban gaya miki ba a lokacin cewa ni na yi shekaru ina rubuta wa jami'o'in waje wasiƙu, ko amsar ƙi ba su ga na cancanta ba. Washegari kika yi yaji, kika tafi gidan babanki.

Mako shida kika yi a Agwada kafin jirginki ya tashi. Baba Siman ya aiko mini cewa aure bai mutu ba, in je biko kamar kowane namiji: in tafi da dattijo ɗaya da ɗan goro, in zauna a tabarma in ce na yi kuskure, shi ke nan. Na ce mai digiri ba ya zaman tabarma a gaban manomi. Da kika tashi, ya sake aikowa. Ya ce shi ya ba da ke, in na zo bikon shi ne kuma zai ce ki koma ɗakinki, ko ki dawo ko ki aiko in bi ki, ko da a duniyar wata kike zaune. Na yi dariya na ce biko ake yi wa ɗakin da ba kowa? In matar tana Kanada, Agwada me zan je yi? Hujjar ta yi mini kyau ƙwarai. Na yi ta maimaita ta a majalisar 'yan fansho har suka haddace.

Katakonki ne ya rushe ta, ki ƙara masa wannan a cikin yabonsa. Mako uku na yi ina kallon hoton nan, sannan na tafi wurin Ezekiyel na ce ya shirya ya raka ni biko. Ya dube ni ya ce, “Gamaliel, bikon shekara goma sha biyar goro ba zai ɗauke shi ba. Nemi akuya.” Na shiga kasuwa na zaɓi ja mai ƙiba, na sa babbar rigata ta Kirsimeti, muka ɗauki shatar mota ranar Asabar, ashirin da biyu ga Fabrairu. A hanya ina ta gwada jawabina, Ezekiyel yana gyara mini kamar ɗan firamare. “Kada ka ce amma,” in ji shi. “Kana cewa amma, zan tashi in bar ka da akuyarka.”

Tun daga bakin gari muka hango rumfuna da kujerun roba, muka ji matan zumunta suna buga tulu suna waƙar rakiya. Baba Siman ya rasu ranar Talata, a safiyar nan aka binne shi. Ba wanda ya sanar da ni, kuma don me za a sanar da ni? Na fito daga mota da igiya a hannu, na tsaya kamar gunki. Sai wata tsohuwa ta hango ni ta rangaɗa guɗa: “Ga surukin kirki! Duk da abin da ya faru, ya kawo akuyar makoki!” Kafin in buɗe baki an karɓe igiyar. Dattawa suka yi ta riƙe hannuna suna sa mini albarka, fasto ya ambaci sunana a lasifika a matsayin abin koyi. Bayan awa biyu aka kawo mini bikona a faranti, a kan shinkafa, da yaji a gefe. Na ci, Paulina. Me zan yi? Ta yi daɗi kuwa, na iya zaɓen akuya.

Sauran kin sani, don kina wurin, a cikin wayar ƙaninki Ruben, kina kallon jana'izar babanki daga can. Ruben ya zagayo yana nuna miki waɗanda suka zo, har ya iso kaina. Fuskarki ta cika wayar, idanunki sun kumbura, ba tabarau, ba ƙanƙara, sai bangon ɗaki. Jawabin da na haddace a mota ya gudu ya bar ni. Kika dube ni kika ce, “Sannu da zuwa, Malam Gamaliel. An gode da ɗawainiya.” Malam Gamaliel! Ba Baban Vera ba. Irin godiyar da ake yi wa maƙwabcin da ya ba da aron kujeru. Ruben ya wuce da ke wurin na kusa da ni.

Da jama'a suka ragu, Ezekiyel ya ja Ruben gefe ya gaya masa abin da ya kawo mu, ya ce ko shi zai tsaya a madadin uba ya karɓi bikon. Ruben ya girgiza kai. Ya ce shi ƙaninki ne, ke kika goye shi, bai isa ya ce miki ki koma ɗakin kowa ba. Wanda ya isa yana ƙarƙashin sabuwar ƙasa a bayan gida.

Saboda haka, ya tauraruwar da ta ƙi faɗuwa, tunda ba tabarma ba dattijo ba uba, wannan takarda ce tabarmata. Na zauna. Na yi kuskure. Na wulaƙanta ki a gaban baƙi ranar da ya kamata in yanka miki kaza, don hassadar abin da kika samu ni ban samu ba. Na yi kuskure da ban zo ba. Ki duba da kyau, ki sa Vera ma ta duba: ba amma a ciki.

Ban ce ki dawo ba. Ki dawo ki yi me? Ki yi sulu a kan yashin kogin Antau? Ban kuma ce ki aiko in zo ba. Tsoho mai suga da sanyin ƙashi, in na taka ƙanƙarar nan sai dai a kwashe ni a cokali. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In kin kira Ruben, wata rana ki ce ya ba ni lambarki. In kuma na kira, ki ce mini Baban Vera sau ɗaya, ko da daga nan za ki kashe wayar. Ban nemi tara ba, ban nemi bakwai ba. Ki ba ni makin da ake ba ɗalibin da ya rubuta sunansa daidai ya bar sauran takardar fara.

Ki gaishe mini da katakon. Ki ce masa ya ci gaba da riƙe ki da kyau a inda ya daskare, don in ya sake ki kika karye, ba ni da fasfo ɗin da zan zo in yi masa rashin mutunci. Ni dai ina nan inda kika bar ni. Ban sake aure ba, ban nema ba, kuma ba zan yi ba. Zoben yana yatsana, ko da yake yanzu sai na naɗa masa zare kafin ya zauna. Naki ne ni da rai, naki ne ranar da za a saka ni a rami, ko kin karɓa ko kin mayar.

Mijinki har abada,
Gamaliel.

Akwai abin da na so in bari a ciki, amma biro ya ƙi ajiyuwa. Da Ruben ya rako mu mota, ya gaya mini cewa kowace Kirsimeti in kin kira gida, kafin ki gaishe da kowa sai kin tambayi Baba, “Ya zo?” Baba ya ce bai zo ba tukuna, ki ce to. A ta goma sha ɗaya ba ki tambaya ba, kuma a sanyin shekarar ne kika fara hawan dutse. Daga ƙofar gidana zuwa ƙofar gidanku tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Kirsimeti goma kina jira na, ban je ba.